Guzurin Mai Siyaha: Nasiha ga Muridin da Ya Yi Nufin Tafiya da Ƙafa Shi Kaɗai

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Allah shi yi daɗin tsira da aminci ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya tsaga hanyoyi a cikinta, ya kafa duwatsu da taurari su zama alamu ga matafiya, ya hukunta wa kowane bawa inda za shi taka da inda za shi kwanta. Tsira da aminci su tabbata ga wanda ya fita daga Makka zuwa Madina da aboki da ja-gaba da guzuri, alhali shi ne mafi dogara ga Allah cikin talikai.

Amma bayan haka. Mai wannan magana bawa ne mai rauni, tsoho wanda ya haura tamanin, mai karantar da yara Alƙur'ani a zaurensa, mai fatan gafarar Ubangijinsa. Dalilin rubutun kuwa, wani saurayi cikin 'yan'uwanmu na zawiya ya zo gare ni ranar Juma'a bayan an tashi daga zikiri, ya durƙusa, ya ce: "Allah shi gafarta Malam, zuciyata ta ƙuntata da zaman gari. Ina so a yi mini izini in ɗauki sanda da buta in shiga duniya ni kaɗai, kamar yadda salihai suka yi." Na ce masa: "Ɗana, wa ka bari a gida?" Ya ce uwa da mata da yaro na goye. Na ce: "Jeka, amsarka za ta zo maka a rubuce." Na kuwa ji ba shi kaɗai ba ne, akwai waɗansu samari masu wannan buri, suna ganin hotunan Nasara cikin wayoyinsu, kowa da jaka a baya shina keta duwatsu, sai shauƙi shi kama su. Saboda haka na rubuta wannan domin su duka. Allah shi sa ta yi amfani.

Fasali na farko, cikin bayanin siyaha da hukuncinta

Ku sani, ya 'yan'uwana, tafiya cikin ƙasa domin lura abu ne da Allah ya yi umurni da shi a wurare da yawa cikin Littafinsa, don bawa shi ga ayyukan Mahalicci, shi ga kufan waɗanda suka wuce, shi wa'aztu. Mutanen ɗariƙa suna ce wa wannan siyaha. Imamu Gazali, Allah shi ji ƙansa, ya keɓe mata littafi guda cikin Ihya'u, ya raba tafiya biyu: ta jiki daga gari zuwa gari, da ta zuciya daga ƙasƙancin halinta zuwa ga Ubangijinta, ya bayyana ta biyun ita ce mafi ɗaukaka. Ta farko baiwa ce ga ta biyu. In ta yi mata hidima an gode mata, in ta ƙi, wahala ce da ƙarewar takalmi.

Hukuncin tafiya shina bin abin da aka nufa da ita. Akwai ta wajibi, kamar hajjin farilla ga mai iko, da neman ilmin da babu makawa sai da shi kadan babu mai koyar da shi a garinku. Akwai ta mustahabbi, kamar sada zumunci da ziyarar shehinka da 'yan'uwanka. Akwai ta halal, kamar fatauci da neman lafiyar jiki. Akwai abin ƙi, ita ce yawon wasa wanda babu wata manufa a cikinsa. Akwai kuma ta haram, ita ce fitar wanda ya saɓa wa iyayensa, ko ya guje wa bashi, ko ya tozarta waɗanda ciyarwarsu ta hau kansa. Malamanmu na Malikiyya ba su yarda mai irin wannan fita ta ƙarshe shi yi ƙasaru ba, domin rangwamen Allah ba a nemansa da saɓon Allah. To, ya kai muridi, kafin ka ɗaura takalmi, duba a wane gida cikin biyar ɗin nan tafiyarka ta sauka.

Amfanin tafiya da ƙafa kuwa ba mai musunsa sai wanda bai ɗanɗana ba. Tana karya girman kai, domin a garinku kai ne ɗan wane, a garin wani kuwa baƙo ne mai ƙura a fuska, wanda yara ke kallo. Tana tone halin mutum, domin an ce Larabawa sun kira ta safaru saboda tana yaye lulluɓi daga ɗabi'u, kuma an ruwaito Sayyidina Umaru ba shi karɓar yabon wani ga wani sai ya tambaye shi ko sun taɓa tafiya tare. Tana rage ci da barci da surutu, tana nuna maka ƙanƙantar abin da ka ke bukata a yini. Waɗannan duka gaskiya ne. Amma magani ne mai ƙarfi, kuma magani mai ƙarfi ba a shan sa sai da awon mai magani.

Fasali na biyu, cikin tafiyar mutum shi kaɗai

Ya inganta cikin Buhari Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya tsoratar game da tafiyar mutum shi kaɗai da dare. Ya zo cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya kushe tafiyar mutum ɗaya da ta mutum biyu, ya sanya uku su ne ayari. Ya kuma yi umurni in mutum uku sun fita su shugabantar da ɗayansu. Malamai sun faɗi hikimar wannan: mai tafiya shi kaɗai ba shi da mai tashinsa da asuba, ba shi da jam'i, in ya yi ciwo babu mai jinya, in ya mutu babu mai wanka da salla da binnewa, babu mai kai wasiyyarsa gida. Shaiɗan kuwa ya fi ƙarfi ga wanda babu idon da ke ganinsa.

Tare da haka ba a haramta ta gaba ɗaya ba. Annabi ya aiki Huzaifa shi kaɗai cikin dare ranar Handaƙu, Abu Zarri ya ɗauko kayansa a baya ya bi rundunar Tabuka da ƙafa shi kaɗai, Annabi Musa ya fita zuwa Madyana babu abokin tafiya. Waɗannan larura ce ta fitar da su ko umurni. Amma da Annabi Musa ya fita neman ilmi da zaɓinsa, sai ya tafi da yaronsa da guzurinsu, kamar yadda ku ke karantawa cikin Suratul Kahfi kowace Juma'a. Abin da malamai suka fitar shi ne, in hanya amintacciya ce, mutane suna kai da kawowa a kanta, tafiyar rana ce daga gari zuwa gari, babu laifi. In kuwa daji ne, ko dare, ko wurin tsoro, hanin shina nan.

Ku dubi manyan da a ke kafa hujja da su. Shehu Abdulƙadir Jilani bai bar Jilan ba sai da uwarsa ta sallame shi, ta ɗinke masa dinari 40 cikin rigarsa, ya bi ayari zuwa Bagadaza a shekara ta 488 ta Hijira, watau 1095 ta lissafin Nasara. Cikin wannan shekara Imamu Gazali ya bar Bagadaza da darajarsa ya nufi Sham, ya kuwa ba da labari cikin Almunƙizu cewa sai da ya ware abin da za shi ishi 'ya'yansa, kuma daga baya kiran 'ya'yan nan ya jawo shi gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, da Malam Jibrilu za shi wuce hajji sai ya komar da shi, domin mahaifinsa bai yi masa izini ba. Shehu ya komo, har ya rasu a Sakkwato a 1817 bai yi hajji ba, wannan kuwa bai rage shi da kome ba. Shehinmu Ahmadu Tijani, Allah shi yarda da shi, ya yi tafiye-tafiye daga Ainu Madi zuwa Fas, ya isa Makka a 1187, ya zauna Abu Samgun inda buɗi ya zo masa a 1196, ya tabbata a Fas a 1213, kowace tafiya tasa kuwa da wanda ya nufa da abin da ya nufa.

Wanda ya fita shi kaɗai da gaske shi ne Ibnu Baɗɗuɗa, ya bar Ɗanja a 725, watau 1325, iyayensa suna raye. Ya faɗa da bakinsa zazzaɓi ya kama shi a hanya har ya ɗaure kansa da rawani a kan sirdi, da ya isa Tunis ya ga kowa ana tarbarsa ban da shi, ya fashe da kuka. Ya ga duniya har Sin, amma da ya komo bayan shekara 24, uba da uwa duk sun riga mu gidan gaskiya.

Fasali na uku, cikin abin da ya auku gare ni

Ba ni ba ku wannan labari don in yi ado da shi. Laifi ne na aikata, ina faɗa don kada wani shi maimaita. A shekara ta 1962, bayan an gama kaka, ina ɗan ashirin, na sauke Alƙur'ani, na karɓi wuridi, ina ganin kaina wani abu. Mahaifina ya rasu, uwata tana raye, daga ni sai ƙanena. Na nemi ta sallame ni zuwa gabas, ta ce in dakata ƙanena shi yi ƙarfin riƙe gona. Na ce a raina ai Allah na ke nufi, wa za shi tsare ni? Na fita da duku-duku ban sallame ta ba, ban kuma gaya wa muƙaddamina ba, domin na san abin da za shi ce.

Na bi hanyar da alhazan da suka gabace mu suka bi: Kano zuwa Maiduguri, kusan kilomita 600, sa'an nan Dikwa, Kusuri, na ƙetare kogi zuwa Fort Lami wadda a ke ce wa Injamena tun 1973, sa'an nan Ati, Abeshe, Adare, Jinaina, Fashir. Wani wuri da ƙafa, wani wuri mai babbar mota shi tausaya mini. Gaban Ati ruwana ya ƙare, zazzaɓi ya kada ni gindin wata aduwa, na kwana ban san inda kaina shi ke ba, sallar yini guda ta kuɓuce mini, wuridi kuwa ba a maganarsa. Wata tsohuwa cikin Larabawan daji makiyaya ita ta same ni, ta ɗura mini nono, ta sa 'ya'yanta suka ɗauke ni. Ga wanda ya fito shina cewa ba shi bukatar kowa sai Allah, Allah ya rataya ransa ga ƙwaryar wata tsohuwa.

A zangon Hausawa na Abeshe na sauka wurin wani dattijo. Da muka ci tuwo ya dube ni ya ce: "Samari, wa ya sallame ka?" Na yi shiru. Ya ce: "Koma. Ka'aba ba ta tashi daga inda ta ke, tsohuwa kuwa tana tashi." Na ji maganar har ƙashina, amma kunyar a ce na kasa ta hana ni. Wannan kunya ita ce ta nuna mini daga baya ba Allah kaɗai na fito nema ba, da sunan Alhaji a ciki.

Na yi kaka biyu ina tsinkar auduga a Jazira wajen Wad Madani, kamar dubban mutanenmu da suka zauna can, waɗansu tun zamanin Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Na tara kuɗin jirgin ruwa, na ƙetare Bahar Maliya, na tsaya Arfa a 1384, watau 1965. Na komo gida bayan shekara huɗu da fitata. Ƙanena ya tarbe ni a bakin gari, bai ce kome ba, ya kai ni maƙabarta. Ya ce duk alhajin da ya komo ƙasarmu sai ta aika an tambaye shi ko ya gan ni. Ya ce kowace shekara tana turke rago don ranar komowata, in shekara ta juyo a sayar a sayi wani. Na ƙarshen da kuɗinsa aka sayi likkafaninta.

Yau shekara kusan sittin ke nan ina yi mata sadaka da addu'a, ina fatan ta yafe. Hajjina ya sauke farilla a zahirin shari'a, karɓa kuwa tana wurin Allah. Amma na sani kwana ɗaya na ɗebo mata ruwa da ya fi mini wata guda cikin waccan hanya. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Fasali na huɗu, cikin abin da ke wajaba kafin fita

Na farko niyya. Zauna kai kaɗai bayan sallar dare ka tambayi ranka: da za a ce ba wanda za shi taɓa sanin na yi wannan tafiya, ba hoto, ba labari, ba suna, ina sonta har yanzu? In shauƙin ya mutu da wannan tambaya, shuhura ka ke nema. Ka kuma tambaye shi: wurin wa za ni, ko kuwa daga wa na ke gudu? Da yawa abin da saurayi ke kira ƙuncin zaman gari, nauyin iyali ne da bashin kanti da faɗan gida. Wanda ya gudu daga haƙurin da aka ɗora masa ya bar siyaharsa a bayansa.

Na biyu istihara da shawara. Na uku izinin iyaye, da daɗin rai, ba wanda aka ƙwata da naci ba. Na huɗu izinin shehinka ko muƙaddaminka, domin shi ya san ko ciwonka na tafiya ne ko na zama. Sau da yawa muridi shina neman daji, maganinsa kuwa sharar zawiya. Na biyar biyan bashi ko neman yardar mai shi, da mayar da amana, da neman gafarar wanda ka zalunta. Na shida ka bar wa iyalinka abin da za shi ishe su har ranar komowarka, ka faɗi ranar, ka rubuta wasiyya. Mace kuwa ba ta fita tafiya mai nisa sai da miji ko muharrami, an yi mata rangwame da amintacciyar ƙungiya cikin hajjin farilla.

Kuma ku tuna sharaɗin da muka ɗauka ranar karɓar wuridi, cewa ba mu ziyarar waliyyai, rayayyu ko matattu, da nufin neman madadi, sai Annabawa da Sahabbai da 'yan'uwanmu na ɗariƙa, tare da girmama dukan waliyyan Allah da son su. Kada yawo shi ja ka ga warware alkawari.

Fasali na biyar, cikin guzuri da tawakkali

Waɗansu suna zaton fita hannu wofi shi ne tawakkali. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa waɗansu mutanen Yaman suna zuwa hajji babu guzuri suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka sai su roƙi mutane, sai Allah ya saukar da umurnin yin guzuri cikin Suratul Baƙara. Ibrahimul Hawwasu, wanda ya rasu a 291, shi ne shugaban masu keta sahara bisa tawakkali, amma an ruwaito ba shi rabuwa da allura da zare da almakashi da ƙaramar salka, don in rigarsa ta yage shi rufe al'aurarsa, in salla ta yi shi sami abin alwala. Ibrahimu ɗan Adhama ya bar sarautar Balhu, amma a Sham shina girbi shina gadin gonaki shina ci da guminsa. Tawakkali aikin zuciya ne, hannu kuwa shina riƙe da buta.

To, ka ɗauki abin da ba shi nauyaya ka: buta da gorar ruwa babba, buzu, sanda, malfa, takalmin da ƙafarka ta saba da shi, domin sabon takalmi shina yanka tun zangon fari, mayafi saboda sanyin hunturu, asuwaki, allura da zare, tasbaha, da Alƙur'aninka cikin gafaka. Abinci kuwa wanda ba shi lalacewa: gumba, ƙuli-ƙuli, dabino, ɗan gishiri da sukari saboda gudawa. Ka riƙe maganin zazzaɓi da gidan sauro. Ka riƙe takardar shaidarka, in za ka ƙetare iyaka kuwa fasfo da biza da katin rigakafi, domin baƙon da ba shi da takarda a wannan zamani kansa shi ke jawo wa tuhuma. Waya kuwa ka riƙe ta don uwarka ta ji muryarka kowane dare, sauran yini ka kashe ta. Wanda ya tafi da kasuwa cikin aljihunsa bai bar gari ba.

Fasali na shida, cikin ladubban hanya

Zaɓi lokacin hunturu bayan kaka, kafin zafin bazara, ba cikin damina ba. An so fita ranar Alhamis da sassafe. Ranar Juma'a kuwa an ƙi fita bayan alfijir, an haramta bayan zawali ga wanda Juma'a ta hau kansa. Ka tashi bayan asuba, ka yada zango kafin rana ta take, ka ci gaba bayan la'asar in da saura, kada magariba ta same ka sai cikin gari. Mai ƙarfi shina cin kilomita 25 ko 30 a yini, amma kada ka fara da haka. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Ka tambayi mutanen kowane gari labarin zangon gaba da ruwansa da amincinsa, domin matambayi ba shi ɓata, baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa.

In ka shiga gari ka nufi masallaci, ka gai da liman, a kai ka wurin mai gari shi san da zamanka. Kada ka roƙa, in an ba ka ka karɓa ka yi addu'a, domin addu'ar matafiyi karɓaɓɓiya ce. Kada ka wuce kwana uku a kan mai masauki. Kada ka ce kai malami ne, kada ka yi jayayya da kowa a kan ɗariƙa ko saɓanin mazhaba, kada ka yi duba ko ka sayar da laya. Kada ka keta gona, kada ka tsinki abin da ba naka ba, kada ka ɓata inuwa ko bakin rijiya, ka runtse ido ga matan mutane a mashaya.

Salla kuwa, in tafiyarka ta kai baridi 4, watau mil 48, kimanin kilomita 80, ka yi ƙasarun azahar da la'asar da lisha raka'a biyu biyu, daga sa'ad da ka wuce gidajen garinku da lambunan da ke haɗe da su. In ka yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wuri, ka cika. In ruwa ya yi ƙaranci har ka ji tsoron ƙishirwa, ka yi taimama ka bar ruwan don sha. Lazimi na safe da na maraice ba shi faɗuwa saboda tafiya, kana iya yin sa kana tafe, in ya kuɓuce ka rama. Wazifa in ka sami 'yan'uwa ka zauna cikinsu, in babu ka yi kai kaɗai. Jauharatul Kamali ba a karanta ta sai da tsarkin ruwa da wuri mai tsarki, in babu sai ka musanya ta da Salatul Fatihi 20. Zikirin Juma'a kuwa in rana ta faɗi ya wuce, ba shi da ramuwa, saboda haka ka shirya zangonka na Juma'a tun ranar Laraba.

Tsakanin waɗannan ka bar harshenka cikin hailala da salati, idonka cikin lura. Dubi gawo, shina zubar da ganye da damina sa'ad da kowane itace ke kore, shina tohowa da rani sa'ad da kowa ya bushe, ka san Mai juya al'amura ba shi bin al'adar kowa. In ka bi ta kufai ka tsaya kaɗan, ka tuna nan ma an yi daka an yi biki.

Fasali na bakwai, cikin halin hanyoyi a wannan zamani

Waɗancan Nasara da ku ke gani, na tambaya an ba ni labarinsu. Mafi shahara cikin hanyoyinsu ita ce ta Santiyago a ƙasar Sifaniya, kimanin kilomita 800 daga iyakar Faransa, tafiyar wata guda da 'yan kwanaki, mutum fiye da 400,000 suka karɓi takardar kammala hanyoyinta a 2023. Akwai alama a kowace mararraba, akwai masauki da ruwa a kowane zango. Wanda ku ke gani kamar shi kaɗai, hannuwa dubu ne suka share masa hanya. Musulmi sun riga su ga wannan, domin Zubaida matar Haruna Rashidu ta sa an gina rijiyoyi da tafkuna da masaukai tun daga Kufa har Makka.

Hanyar da na bi kuwa ba ta biyuwa yau. Fitina ta kama ƙasar Barno tun 2009, yaƙi ya tashi a Sudan a 2023 ya cinye Jinaina da Fashir inda muka sha ruwa, dazuzzukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna masu satar mutane sun addabe su. Hajji kuma ba a shigarsa sai da biza da izinin hukuma. Wanda ya jefa kansa can da sunan tawakkali, in an kama shi, gonar ubansa za a sayar a fanshe shi, uwarsa ce za ta yi kuka. Allah ya hana mu jefa kanmu ga halaka. Allah shi kawo mana aminci, shi ji ƙan waɗanda suka mutu.

Ga abin da na yi wa izini. Wanda ya cika sharuɗɗan fasali na huɗu, shi nemi 'yan'uwa biyu, su shugabantar da ɗaya, su zaɓi hanyar da mutanen wurin suka shaida amincinta a wannan mako, su tafi da ƙafa kwana uku ko bakwai zuwa ga wani malami ko zawiya ko dangi da aka daɗe ba a gani ba. In suna son kaɗaici su yi shiru daga asuba zuwa hantsi, kowa da tasbaharsa, tsakaninsu jifan dutse. Haka muka yi ni da abokaina biyu daga Kano zuwa Zariya bayan komowata da shekaru, da izinin muƙaddaminmu, na kuwa sami abin da ban samu ba cikin shekara huɗu. Wanda bai sami abokai ba shi fita bayan asuba shi kewaya gonakin garinsu shi komo da hantsi. Kai kuwa ɗana mai yaro na goye, izininka ke nan, ba ƙari, sai yaron ya yi wayo, tsohuwa kuma ta ce jeka da bakinta.

Fasali na takwas, cikin komowa

In bukata ta biya ka gaggauta komowa, haka Annabi ya yi umurni. Ka aika da labarin zuwanka, kada ka faɗo wa iyalinka cikin dare. Ka fara da masallaci ka yi raka'a biyu, sa'an nan uwarka, sa'an nan shehinka. Ka riƙo tsaraba ko da goro ne. Ka kame bakinka ga barin ba da labarin abin da ka gani na mafarki ko buɗi, sai ga shehinka.

Alamar karɓar siyaha a gida a ke ganinta. In ka komo ka fi haƙuri da matarka, ka fi saurin tashi in tsohuwa ta yi kira, ka fi tausayin baƙon da ya yi sallama a ƙofarka, ka gode wa Allah. In kuwa ka komo kana raina waɗanda suka zauna, kana ƙosawa da gida, kana ƙirga garuruwa a majalisa, ka yi istigfari, domin jikinka ne ya tafi.

Ku sani kuma akwai tafiyar da kowa za shi yi shi kaɗai, ba da sanda ba, ba da buta ba, a kafaɗun mutane za a fara ta, su komo su bar shi. Ni ina bakin zangonta. Guzurinta shi ne abin da muka aikata ga waɗanda Allah ya ɗora mana haƙƙinsu. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ko aka karanta masa shi yi Fatiha ɗaya ga mahaifiyata, shi roƙa mini gafara.

Ya Allah ka tsare matafiyanmu, ka komo da su lafiya, ka ji ƙan waɗanda suka kwanta a hanyar gabas ba a san kaburburansu ba, ka gafarta wa iyayenmu da malamanmu, ka sa mu cika da kalmar shahada. Allah shi ne mafi sani. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Tamat, da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa.